Fim ɗaya, kamanni bakwai: wane «Blade Runner» ya kamata a saya?

Duk mai sayar da atamfa ya san wannan magana: zane biyu na iya zama da fure iri ɗaya da launi iri ɗaya, amma ɗaya na Holanda ne, ɗaya kwaikwayo, sai an kai su ruwa gaskiya ke fitowa. To, a kasuwar fina-finai ma haka abin yake. Mutum ya ga kwali, ya ga fuskar jarumin da ya sani, ya biya kuɗi ya tafi gida, alhali abin da ke cikin faifan ba shi ne wanda aka ba shi labari ba. Yau a wannan fili za mu ɗauki wani tsohon fim na Amurka da ya daɗe yana rikita masu saye da masu sayarwa, wato «Blade Runner» na 1982. Wannan fim kamanni bakwai gare shi, kuma bambancin ya wuce na kwali, don har ƙarshen labarin ba ɗaya ba ne.

Wani zai ce ai zamanin faifai ya wuce, yanzu kowa cikin salula yake kallo. Gaskiya ne cinikin ya ja baya ƙwarai. Amma tsofaffin DVD na nan suna shigowa cikin kayan gwanjo, masu tura fim cikin katin salula da kile USB suna nan a bakin kasuwa, kuma tun da aka fito da ci-gaban labarin a 2017, mai suna «Blade Runner 2049», ana samun masu neman na farkon. Mai shago da ya ba abokin cinikinsa wanda ba shi ya nema ba, ya san abin da ke biyo baya: a dawo da kaya, a yi cacar baki, gobe a tafi shagon maƙwabci.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, ga labarin a taƙaice. Fim ne irin na ƙagen kimiyya, wato labarin da ake kitsawa kan yadda duniya za ta zama nan gaba. An ce a birnin Los Anjalas ne, cikin watan Nuwamba na 2019, shekarar da a lokacin ake hange da nisa, mu kuwa ga shi mun bar ta a baya. Wani babban kamfani mai suna Tyrell yana ƙera mutane, masu jini da tsoka, ba na ƙarfe ba, ana tura su wasu duniyoyi suna aikin bauta. Don kada su daɗe su yi wayo, an ƙayyade musu rai shekara 4 kacal. Wasu daga cikinsu suka yi tawaye suka dawo duniya suna neman wanda ya ƙera su ya ƙara musu kwana. Sai aka kira wani tsohon ɗan sanda, Deckard, aka ce ya farauce su ɗaya bayan ɗaya. Harrison Ford ne ya fito a Deckard. Rutger Hauer, ɗan ƙasar Holanda, ya fito a Roy Batty, shugaban ƴan tawayen. Sean Young ta fito a Rachael, wata ƙerarriya da ba ta ma san ita ƙerarriya ba ce, wadda Deckard ya kamu da sonta. Daraktan fim ɗin Ridley Scott ne, Baturen Ingila, an ciro labarin daga wani littafi na Philip K. Dick da ya fito a 1968, kiɗan kuma na Vangelis ne, mutumin Girka.

An fara nuna shi a Amurka ranar 25 ga Yuni 1982, mako biyu bayan fitowar «E.T.», wanda ya kwashe ƴan kallo a wannan shekara. Mutanen da suka zo ganin Harrison Ford yana tsalle da harbi kamar yadda suka saba ganinsa a «Star Wars» da «Indiana Jones», sai suka tarar da fim mai tafiyar hawainiya, duhu da ruwan sama daga farko har ƙarshe. Ciniki bai yi kyau ba a sinima. Kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi: mutane suka riƙa kallo a gida suna maimaitawa, har ya samu ƴan gani-kashe-ni a ƙasashe da yawa. A 1993 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin jerin fina-finan da ƙasar ke adanawa.

Bashi ne ya raba shi

Abin da ya sa fim ɗin ya rabu gida-gida, kowane ɗan kasuwa zai gane shi da sauri, don maganar kuɗi ce. An haɗa jarin ne daga hannu da yawa. Cikin masu zuba kuɗi har da Run Run Shaw na Hongkong, mai kamfanin nan Shaw Brothers da ya yi tsofaffin fina-finan karate da aka sha kallo a nan. Akwai kuma wasu mutum biyu, Bud Yorkin da Jerry Perenchio, da suka tsaya lamuni cewa in kuɗi suka ƙare kafin a gama aiki, su za su cika. Kuɗi kuwa suka ƙare, don aikin ya ci kusan miliyan 30 na dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Da masu lamuni suka cika, sai iko ya koma hannunsu, darakta ya zama ɗan amshin shata a kan aikinsa.

A watan Maris na 1982 aka gwada nuna fim ɗin ga wasu ƴan kallo a garuruwan Denba da Dalas, tun bai gama gyaruwa ba. Wannan shi ne kama na farko, na gwaji, mai minti 113. Ƴan kallon da yawa suka ce ba su gane kan labarin ba. Hankalin masu kuɗi ya tashi, suka sa aka yi abu biyu. Na farko, aka ɗora muryar Deckard a kan hoto, yana ba da labari yana bayyana abin da ke faruwa, kamar mai yi wa makaho fassarar wasa. Harrison Ford ya sha faɗa daga baya cewa ba da son ransa ya karanta wannan bayani ba, yarjejeniyar aiki ce ta tilasta shi. Na biyu, aka ƙara ƙarshe mai daɗi: Deckard da Rachael cikin mota, sun fita daga birnin duhu sun shiga duwatsu da itatuwa kore shar, murya kuma tana gaya mana cewa ita Rachael ba a ƙayyade mata shekara 4 ba. Hotunan duwatsun nan ma ba na fim ɗin ba ne, ragowa ne da aka karɓo daga Stanley Kubrick, cikin abin da ya ɗauka domin fim ɗinsa «The Shining».

Daga nan aka sake gwaji sau ɗaya a San Diyago cikin watan Mayu, kama na biyu ke nan. Na uku shi ne wanda aka nuna a gidajen sinima na Amurka, minti 116. Na huɗu shi ne wanda aka kai Turai da sauran ƙasashe, minti 117, duk ɗaya da na Amurka sai dai an bar masa wasu wuraren zubar da jini da aka yanke a can. Na biyar shi ne wanda tashar telebijin ta CBS ta nuna a 1986, minti 114, bayan ta cire tsiraici da zagi da jini. Na San Diyago da na telebijin ba su taɓa fitowa a faifan sayarwa ba, don haka mai saye ya sauke su daga lissafi. Saura biyar.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a 1990 wani gidan sinima a Los Anjalas ya nemi fim ɗin, aka aika masa tsohon kwafin gwajin nan da aka tsinto a rumbun ajiya. Ƴan kallo suka ga abin da ba su taɓa gani ba: babu surutun bayani sai ɗan kaɗan a ƙarshe, babu tafiya cikin duwatsu. Labari ya bazu. A 1991 aka sake nuna shi a Los Anjalas da San Faransisko, gidaje suka cika maƙil. Kamfanin Warner ya hango riba, ya yi sauri ya fito da kama na shida a 1992, wanda aka rubuta wa «Director's Cut» a kwali, ma'ana yankan darakta. Sunan ya fi abin girma, don Ridley Scott yana can yana wani aiki, shawara kawai ya bayar, wasu suka yi gyaran cikin gaggawa. Duk da haka an cire muryar bayani, an cire ƙarshe mai daɗi, fim ya tsaya daidai inda ƙofar lif ta rufe a kan Deckard da Rachael, ba wanda ya san abin da zai same su. Aka kuma ƙara wani ɗan mafarki.

Doki mai ƙaho ɗaya

A nan ne maganar take, kuma a nan muke so masu karatu su ɗan tsaya. Mafarkin bai kai minti ɗaya ba. Deckard na zaune gaban fiyano a ɗakinsa, rabi barci rabi ido biyu, sai ya ga farin doki mai ƙaho ɗaya a goshi yana gudu cikin daji. Shi ke nan. Amma a ƙarshen fim, a kowane kama, Deckard yana tsintar wani ɗan doki mai ƙaho da aka naɗe da takarda mai ƙyalli a bakin ƙofarsa. Abokin aikinsa Gaff ne ya ajiye shi, mutumin da ke da al'adar naɗe takarda ya yi siffofin dabbobi.

A na 1982, da babu mafarkin, ma'anar dokin takarda ɗaya ce: Gaff ya zo gidan, ya tarar da Rachael, ya ƙyale ta da rai. Amma in an sa mafarkin, sai tambaya ta taso: yaya aka yi Gaff ya san abin da Deckard ya gani cikin barcinsa, alhali bai gaya wa kowa ba? Tun da farko an nuna mana cewa kamfanin Tyrell na dasa wa ƙerarru tunanin ƙuruciya na ƙarya, kuma Deckard da kansa ya karanta wa Rachael sirrin zuciyarta daga takardun kamfani. To in Gaff ya san mafarkin Deckard, ashe shi ma mafarauci ƙerarre ne, an sa shi yana kashe ƴan uwansa bai sani ba. Ridley Scott ya faɗa a fili a shekara ta 2000 cewa haka yake nufi. Harrison Ford kuwa ya daɗe yana cewa shi mutum ya ɗauki Deckard lokacin da yake wasan. Kun ga ke nan mutum biyu na iya zama su yi gardama har dare, kowa na rantsuwa ya ga fim ɗin, kuma dukansu suna da gaskiya, faifansu ne ba ɗaya ba.

Mu dai a ganinmu muryar bayanin nan ta 1982 tana rage wa fim ɗin kwarjini, musamman a wurin mutuwar Roy Batty a kan rufin bene cikin ruwan sama. Rutger Hauer ya yi ƴar gajeriyar magana a wurin, wadda shi da kansa ya taƙaita ya gyara, ya sunkuyar da kai ya mutu. Wuri ne da ke son shiru. A na 1982 sai ga murya ta faɗo tana gaya mana abin da muka riga muka gani. Amma kada mu yi rashin adalci: akwai waɗanda da wannan murya suka fara sanin fim ɗin, kuma ga mai kallon farko, bayanin yana taimaka masa ya riƙe zaren labari. (Abin mamaki, Hauer ya rasu a Yuli 2019, shekarar da Roy Batty ya mutu cikin labarin.)

Kama na bakwai ya daɗe bai fito ba saboda rikicin wanda ya mallaki fim ɗin tsakanin Warner da masu lamunin nan. Sai a 2007, shekara 25 bayan na farko, aka fito da «The Final Cut», minti 117, wanda shi kaɗai ne Ridley Scott ya riƙe ragamarsa daga farko har ƙarshe. Ƙashin bayansa ɗaya da na 1992, amma an wanke hoton daga asalin fim, an gyara sauti, an maido da wuraren jinin da ke cikin na Turai, an kuma ɗinke ɓarakar da masu sa ido suka daɗe suna nunawa. Misali, wurin da Zhora mai wasa da maciji ke faɗawa cikin gilasai, a da ana ganin wata ce daban sanye da gashin aro. Aka kira Joanna Cassidy, wadda ta yi wasan, aka ɗauki fuskarta aka ɗora da kwamfuta. Wurin da Deckard ke magana da mai sayar da macizai, baki da murya ba su tafiya tare. Aka kira Ben, ɗan Harrison Ford, aka ɗauki bakinsa aka ɗora a kan na ubansa. Lissafin ƴan tawaye ma an daidaita shi, don a da shugaban ƴan sanda yana cewa shida suka tsere ɗaya ya mutu, sannan a farauci huɗu, ɗaya ya ɓace a lissafi. Abin da wasu ke kuka da shi a na 2007 shi ne launi, suna cewa ya karkata zuwa kore-kore, ba kamar yadda suka san shi ba.

Yadda za a gane wanda ke hannu

Kada a dogara da mintin da aka rubuta a bayan kwali. Na farko, tsakanin 116 da 117 ba abin da ido zai gani. Na biyu, DVD ɗin Turai, mai tsarin PAL, yana juya hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim yakan yi sauri da kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 117 sai ya koma kamar 112. Mutum ya ga 112 a kwalin Faransa ya ce an yanke masa minti biyar, alhali ba a taɓa komi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa faifan a na'ura tun a shago. A tura zuwa wurin da aka fara nuna Deckard, yana tsaye yana karanta jarida yana jiran kujera a rumfar mai taliya. In aka ji muryarsa tana ba da labari bakinsa a rufe, na 1982 ne. In ba a ji ba, na 1992 ne ko na 2007. Sai a tura kusa da ƙarshe, inda farar kurciya ke tashi daga hannun Roy Batty. In ta tashi cikin sararin sama shuɗi kamar da rana, alhali ana cikin dare da ruwa, na 1992 ne. In saman baƙi ne, na 2007 ne. Duka-duka aikin minti uku ne.

Akwai kuma maganar murya, wadda ta shafe mu kai tsaye tun da yawancinmu da Faransanci muke kallon fina-finan Amurka. A fassarar farko Richard Darbois ne ya yi muryar Harrison Ford, muryar da kunnen masu kallo ya saba da ita a fina-finansa da yawa. Da aka zo na 2007 sai aka sake fassarar baki ɗaya da sababbin muryoyi, abin da bai yi wa tsofaffin masoya fim ɗin a Faransa daɗi ba. Saboda haka wanda ya zo yana neman muryar da ya sani tun yana saurayi, a ba shi abin da ya fito kafin 2007. In kuwa faifan daga Amurka ko Najeriya ya biyo, a duba bayan kwali a tabbata akwai Faransanci, a murya ko a rubuce ƙarƙashin hoto, don fim ne mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ba ya jin Ingilishi sosai zai sha wahala.

Kaset, faifai da na'ura

Kaset ɗin VHS mu bar shi ga masu ajiyar kayan tarihi. Tun 2016 kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urarsa, Funai na Japan, ya daina. Ban da haka yawancin kaset ɗin an datse gefe da gefen hoto don ya cika tsohuwar telebijin mai kusurwa huɗu, kuma a fim mai faɗi irin wannan kusan rabin hoton ke tafiya. Wannan ya kawo mu ga wani kuka da masu shago suka sha ji, wai faifai ya lalace don akwai baƙin layi sama da ƙasa. Ba lalacewa ba ce, alamar cikakken hoto ce. Wanda ya cika allo dam shi ne aka yi wa aski. VCD ma bai dace da wannan fim ba: ba ya ɗaukar fiye da minti 80, dole a raba fim biyu, hoton kuma ɗigo 352 ne a faɗi, rabin na DVD.

A DVD akwai tarko guda. «Director's Cut» ya fito a DVD tun 1997, cikin na farko-farko da aka buga a duniya, kuma hotonsa ba shi da kyau, dishi-dishi ne. A 2006 aka sake buga shi da hoto wankakke. Kwalayen na iya kama da juna, don haka a duba shekarar da ke cikin ƙananan rubutu a baya. A duba kuma lambar yanki, wadda ake sawa cikin ɗan hoton ƙwallon duniya: 1 na Amurka ne, 2 na Turai, mu kuwa da mafi yawan Afirka muna cikin 5. Ƙananan na'urorin Sin da suka cika kasuwanninmu galibi ba ruwansu da wannan shinge, kome aka sa musu suna karantawa. Manyan na'urori masu suna da aka sayo a Turai su ne kan tofar da faifan Amurka.

A Disamba 2007 «The Final Cut» ya fito a DVD da Blu-ray da HD DVD lokaci guda. A yi hattara da na ukun. HD DVD ya yi kokawa da Blu-ray ya sha ƙasa, kamfanin Toshiba ya janye daga ƙera shi a Fabrairu 2008. Kwalinsa ja ne, na Blu-ray shuɗi. In an ga jan kwali cikin gwanjo da arha, kwantai ne, ba na'urar da za ta karanta shi a gidajenmu. Blu-ray kuwa yana ba da ɗigo 1920 a faɗi, inda DVD ke ba da 720, kuma wanda ke da PlayStation 3 ko 4 a gida ba ya bukatar sayen wata na'ura. A Satumba 2017 aka fito da na 4K, mai ɗigo 3840, wanda ba shi da shingen yanki. Shi ne mafi kyan hoto, ba gardama, amma sai da telebijin ta 4K da na'urarsa ta musamman ko PlayStation 5 mai cin faifai. In telebijin ɗin ƙarama ce ta da, kuɗin sun tafi a banza, don ido ba zai ga bambanci da DVD mai kyau ba.

Sai faifan nan mai fim goma ko ashirin a ciki, da ƙananan kwafi da ake turawa a salula. Araha ba ta ado. DVD na asali yana ɗaukar jiga 4,7 ko 8,5, kuma fim ɗaya ake ba wannan fili. In aka cusa ashirin, kowane fim an matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Fim ɗin barkwanci da aka ɗauka da rana tsaka zai iya jure wannan matsi. «Blade Runner» ba zai jure ba, don dukiyarsa duk tana cikin duhu, hayaƙi, ruwan sama da hasken fitilu, kuma su ne abin da matsi ke fara ɓatawa, sai a ga baƙin ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Wanda ya kalle shi a haka ya ce fim ɗin ba daɗi, ba mu ga laifinsa ba. Faifan asali bayansa fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa yakan yi shuɗi ko shunayya, kuma shi ne zafin watan Afrilu ke saurin kashewa. Ban da haka sayar da kwafin sata laifi ne a doka, akwai ma'aikatar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, da aka ɗora wa wannan aiki.

Ga iyayenmu mata da ke sayen fim su kai gida, ga magana a fili: wannan ba fim ɗin yara ba ne, a kowane kama. Akwai wurin da mace ke wanka tana sauya kaya ƙirji a buɗe. Akwai wurin da Roy Batty ke kashe wanda ya ƙera shi ta hanyar danna masa yatsu a ido, da wurin da yake soka ƙusa a tafin hannunsa, kuma a na Turai na 1982 da na 2007 an nuna su sosai. Akwai kuma wurin da Deckard ke tare wa Rachael ƙofa ya matsa mata, wanda ko manya da yawa ba sa jin daɗinsa. Kada hoton mota mai tashi sama da ke kan kwali ya sa a ɗauka irin «Star Wars» ne. A bari sai yara sun kwanta.

To wanne za a saya? Wanda zai sayi ɗaya tak, ya sayi «The Final Cut» na 2007, a Blu-ray in yana da abin karanta shi, in babu a DVD na asali. Mai shago da ke son ya gamsar da kowa, ya ajiye wannan, ya nemi kuma «Director's Cut» bugun 2006 na Faransa saboda masu son tsohuwar murya. Amma wanda Allah ya haɗa shi da babban kunshin 2007 mai faifai biyar, kada ya tsaya dogon ciniki. A cikinsa akwai kamanni biyar ɗin da ake iya samu duka, da wani dogon shiri na sa'a uku da rabi, «Dangerous Days», kan yadda aka yi fim ɗin. An sake tara su biyar ɗin a Blu-ray a 2012, lokacin cikar fim ɗin shekara 30. Shi kuwa faifan 4K na 2017, na 2007 kaɗai ke kansa.

In kunshin na hannu ne, a buɗe shi a ƙirga faifan a gaban mai sayarwa. Na ɗaya shi ne na 2007, na biyu dogon shirin, na huɗu ƙarin bayanai. Na uku ne ke ɗauke da na Amurka da na Turai na 1982 tare da na 1992, na biyar kuma shi ne na gwajin Denba da Dalas. In na uku ko na biyar ya ɓace, a rage kuɗi sosai, don saboda su ake neman kunshin.